Ƙauyen da bai kai mutum 400 ba, amma majami'u biyu: labarin Altenburg

Direban Tirela:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar ba na bakin aiki, sai na ajiye babbar mota na kwashi iyali a ƙarama, muka fita daga St. Louis muka yi kudu, tafiyar kamar awa biyu. Muka sauka daga babban titi muka shiga wata hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, tudu da kwari, masara da waken suya hagu da dama, har muka faɗa wani ƙauye, Altenburg, a gundumar Perry ta jihar Missouri. Mutanen garin ba su kai 400 ba. Akwai wata majami'a ta dutse mai dogon hasumiya, ta ɗariƙar Lutheran, sunanta Trinity, ginin 1867. Daura da ita akwai wata 'yar bukka ta gungumen itace, wallahi ba ta kai shagon mai shayi biyu ba, amma an yi mata rumfa ta musamman don kada ruwa ya taɓa ta. Na leƙa maƙabartarsu, tsofaffin duwatsun duk rubutun Jamusanci ne. Na yi ta neman in ga miji kusa da matarsa ban gani ba, sai wani dattijo da ke yankan ciyawa ya fahimtar da ni cewa a jere ake binne su, wanda ya riga mutuwa shi ke gaba, ba ruwansu da dangi. Muna fita garin kuma sai ga wata majami'ar, ita ma Lutheran, sunanta Immanuel. Tambayata biyu ce: me ke cikin bukkar nan, kuma me ya raba mutanen da ba su cika motar haya goma ba har suka yi coci biyu?

Manomin Funtuwa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kai dai ba ka zama. Ni waken suyan nan nake son ji, buhu nawa suke samu a eka?

Malamin Tarihi:
Malam Manomi, bari mu fara da bukkar, waken ya jira. Alhaji, ka taka wuri mai tarihi ba ka sani ba.

A watan Nuwamban 1838 jiragen ruwa biyar suka tashi daga tashar Bremen ta Jamus ɗauke da mutane kusan 700, yawancinsu daga masarautar Saxony. Sunayen jiragen Copernicus, Johann Georg, Republik, Olbers da Amalia. Huɗu suka iso New Orleans. Amalia, ƙaramin cikinsu, da mutum sama da 50 a ciki, ya shiga teku ba a sake jin ɗuriyarsa ba har yau.

Jagoransu wani fasto ne na birnin Dresden, Martin Stephan, haifaffen 1777, wato ya haura sittin a lokacin. Mutum ne mai baki. A zamanin nan yawancin malaman cocin gwamnati a Saxony sun karkata ga auna addini da hankali zalla, suna wa'azin kyawawan ɗabi'u, sun rage zancen zunubi da ceto. Stephan ya riƙe tsohuwar koyarwar Martin Luther, matasa masu karatun tauhidi suka yi ta tururuwa wurinsa. Yana kuma yin taron dare a bayan gari, 'yan sanda suka sa masa ido, aka dakatar da shi a 1837. Daga nan ya ce wa mabiyansa addinin gaskiya ya ƙare a Jamus, mai son tsira da imaninsa ya taso. Mutane suka sayar da gidaje da gonaki, suka zuba kuɗin a asusu ɗaya. Tun suna kan teku, a cikin jirgin Olbers, aka naɗa shi bishop a Janairun 1839, daga baya aka sa jama'a suka sa hannu a takardar yi masa biyayya a sha'anin addini da na duniya baki ɗaya.

Daga New Orleans suka haura kogin Mississippi zuwa St. Louis. Wasu suka zauna can, mafi yawa suka gangaro inda ka je, suka sayi eka 4,472 a kan dala 9,234. Suka raɗa wa unguwanninsu sunayen garuruwan gida: Altenburg, Frohna, Dresden, Seelitz, Wittenberg, Johannisberg, daga baya Paitzdorf.

Manomin Funtuwa:
Dala biyu da 'yan kai eka ɗaya ke nan. Allah ya kai mu wannan kasuwa. Amma Malam, manomi na ƙwarai ba ya barin fadama ya sayi tudu. Alhaji ya ce wurin duk hawa da sauka ne.

Malamin Tarihi:
Ka taɓo inda ke ciwo. Ana yawan cewa manoman Jamus ne suka kafa cocin, amma rabin gaskiya ce. Akwai manoma a cikinsu, sai dai da yawa masaƙa ne, da teloli, da maduka, da kafintoci, ga fastoci da ɗaliban tauhidi, ga lauyoyi da likita. Mutumin da ya saba da allura aka miƙa masa gatari ya sare daji. Yunwa ce ta mayar da su manoma, 'ya'yansu ne suka zama gwanaye.

Ɗan Numan:
Salama gare ku. Baba Malam, na gode da wannan bayani. Ni ɗan Lutheran ne tun kakanni, amma abin da muka fi ji shi ne sarkin Prussia ne ya tilasta wa 'yan Lutheran haɗewa da wata ɗariƙa, shi ya sa suka gudu. Ko ba haka ba ne?

Malamin Tarihi:
Haka ne, amma ba waɗannan ba. Haɗin da Sarki Frederick William na Uku ya ƙaddamar a 1817 a Prussia aka yi shi, kuma ya kori wasu, waɗanda suka nufi Buffalo da Wisconsin, wasu har Ostireliya. Saxony masarauta ce daban. Mutanen Stephan sun ji tsoron abin zai iso su, amma ba a ɗora musu shi ba. Mutane na yawan cakuɗa labaran biyu.

Maman Biyu:
Ni dai tun da na ji an ce an zuba kuɗi a asusu ɗaya kuma mutum ɗaya ke riƙe da addini da duniya, gabana ya faɗi. Baba, ci gaba, na san akwai magana.

Malamin Tarihi:
Akwai kuwa, 'yata. Tun a St. Louis aka fara gunaguni. Mutane na kwana a cunkushe, ana binne yara, shi kuma ana kashe kuɗin asusu kan kayan sawar bishop da abinci mai kyau. Da aka zo Perry ma, maimakon a fara da ɗakunan kwana da shuka, sai aka sa ƙarfi kan hanyoyi da gadoji. A farkon watan Mayun 1839, bayan wani wa'azi da Fasto Gotthold Heinrich Loeber ya yi a St. Louis, wasu mata suka same shi suka furta cewa bishop ya yi lalata da su. Fastoci suka tura wani matashi a cikinsu, C. F. W. Walther, ya gangara Perry ya shirya jama'a. Ranar 30 ga Mayu aka tuɓe Stephan. Washegari aka sa shi a kwalekwale aka tsallakar da shi kogi zuwa jihar Illinois. Can ya ƙare rayuwarsa, yana yi wa wata 'yar ikilisiya hidima kusa da Red Bud, ya rasu a 1846.

Lauyan Zaure:
To a nan zan shigo, kuma na san za a ce na cika jayayya. Wannan ba shari'a ba ce, taron dangi ne. Waɗanda suka tuhume shi su ne suka yanke hukunci, kuma su ne suka gaje kujerarsa. Mutumin bai amsa laifin ba har ya mutu. Sannan maganar da aka faɗa wa fasto a asirce a matsayin furta zunubi, da wane izini aka fito da ita fili? Ɗan Numan, ku da kuka san dokar coci, ba amana ba ce? Kuma waɗannan fastocin su ne fa suka yi ta kare shi a Dresden lokacin da 'yan sanda ke binciken irin wannan zargi. Laifi tudu ne.

Ɗan Numan:
Barista, amana ce, ba na musu. Amma ka duba ɗaya gefen. Idan fasto ya ji cewa wanda ke riƙe da rayukan mutum 700 yana cin amanar 'ya'yansu, ya yi shiru don kare sirri, wa ya kare? Mu ma a yau abin da ke cinye ikilisiyoyi ke nan, a ce kada a taɓa shafaffe na Ubangiji.

Lauyan Zaure:
Ban ce a yi shiru ba. Na ce a kafa masu bincike da ba su da rabo a gādon. Dattijo mai shekara 61 ka ajiye shi a bakin kogi a ƙasar da bai iya harshenta ba. Ko ɓarawon akuya ana jin ta bakinsa.

Maman Biyu:
Barista, kana ta tausayin tsoho, ban ji ka ambaci matan ba ko sau ɗaya. Kuma shi ma ai ya bar matarsa da 'ya'ya a Dresden ya taho da ɗa guda. Wa ya ji ta bakinta ita?

Lauyan Zaure:
Maman Biyu, kin kama ni. Na karɓa. Amma ina nan kan bakana game da yadda aka yi zaman.

Mai Kula da Zaure:
A ci gaba a hankali, jama'a. Alhaji ya yi tambaya biyu, ko ɗaya ba a amsa ba tukuna.

Malamin Tarihi:
Gaskiyarka. Ga bukkar.

Bayan korar Stephan sai aka ga asusu ya kusa ƙarewa. Damina ta wuce ba amfanin kirki, zazzaɓi ya shiga yana ɗiba, mutane na kwana a rumfunan reshe. A cikin wannan hali ne wasu matasa masu ilimi, Ottomar Fuerbringer, Theodor Brohm da Johann Friedrich Buenger, tare da Walther, suka sari itace da hannunsu suka haɗa bukkar da ka gani. Ranar 9 ga Disamban 1839 suka buɗe ta a matsayin makaranta da ɗalibai 11, bakwai maza, huɗu mata. Abin da suka sa a jadawali shi ke ba ni dariya da sha'awa lokaci guda: Latin, Girkanci, Ibrananci, Faransanci, Turanci, lissafi, tarihi. Mutanen da ba su da tabbacin abincin gobe. Wannan makaranta ce aka mayar St. Louis a 1849, ita ce Concordia Seminary ta yau. Alhaji, ƙila kana wuce ta kullum.

Amma ba makarantar ce babban abin da ya faru a Altenburg ba. Abin da ya fi yunwa cin mutanen nan shi ne wata tambaya: shin mu ikilisiya ce ma kuwa? Ku duba halin da suke ciki. An ce musu Stephan ne ƙofar ceto, sun bar iyaye, wasu sun bar mazajensu da matansu, fastoci sun bar garkensu a Jamus ba tare da an sallame su ba. Yanzu ƙofar ta zama ta bogi. To baftismar da aka yi wa jariran da aka haifa a daji, ta yi? Jibin Ubangiji da suke karɓa daga hannun waɗannan fastoci, karɓaɓɓe ne? Auren da aka ɗaura fa? Wasu fastocin da kansu suka ajiye aiki saboda lamirinsu ya hana su hawa bagade.

Masu ilimi daga cikin jama'a suka taso wa fastoci. Carl Eduard Vehse, wanda a da ma'aikacin adana takardun tarihi ne a Dresden, ya rubuta cewa iko na jama'ar masu bi ne, ba na masu riga ba. Ba a saurare shi ba, ya koma Jamus a ƙarshen 1839. Surukinsa, lauya Franz Adolph Marbach, ya fi shi zafi. Ya ce mu taron 'yan tawaye ne kawai, mu tuba mu koma gida. Sai dai da wane kuɗi? Gaba kura, baya sayaki.

Walther ya kwanta rashin lafiya na watanni, a kwancen ya duƙufa karanta rubuce-rubucen Luther. A Afrilun 1841 aka shirya muƙabala a Altenburg, zama biyu, shi da Marbach, jama'a cike. Yana da shekara 29. Ya kawo batutuwa takwas, amma zuciyarsu ɗaya ce: ikilisiya ta gaskiya ita ce taron masu bi, ba bishop ba, ba kuma gwamnatin Saxony ba. Duk inda ake wa'azin Maganar Allah ana ba da baftisma da jibi, ko da akwai kuskure a cikin jama'ar, ikilisiya na nan, kuma tana da ikon kiran fastonta. Jama'ar da ta yi kuskure gyara ta ake yi, ba a watsa ta. Mutane suka numfasa. Marbach ya koma Jamus, sauran suka zauna.

Lauyan Zaure:
Wato dai lauya ya sha kaye a hannun fasto. Amma Malam, in ka duba, ai maganar Vehse ce Walther ya ɗauka ya sa mata riga.

Malamin Tarihi:
Da yawa daga cikinta, i, kuma Walther bai ɓoye cewa ya amfana da rubutun Vehse ba. Bambancin shi ne Vehse ya so a rage fasto ya zama ɗan aike, Walther kuma ya ce aikin fasto daga Allah yake, amma ta hannun ikilisiya ake ba da shi. Da aka kafa Majalisar Missouri, wato ƙungiyar da ta haɗa ikilisiyoyinsu da wasu na Lutheran, a Chicago ranar 26 ga Afrilun 1847, Walther ne shugabanta na farko, kuma aka rubuta cewa majalisa shawara take ba ikilisiya, ba umarni ba. Kowace ikilisiya ita ke riƙe da gininta da kuɗinta, ita ke kiran fastonta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yau ikilisiyoyinsu sun kusa 6,000.

Manomin Funtuwa:
Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni abin da ya burge ni, manomin da ya sare daji shi ke zama ya kaɗa ƙuri'a kan albashin fasto. A ƙungiyarmu ta manoma sai da shugaba ya tafi da kuɗin taki na shekara guda kafin muka koyi cewa mutum uku za su riƙa sa hannu. Ba zan faɗi suna ba, yana da 'ya'ya.

Maman Biyu:
Manomin dai, ba matarsa ba. Ɗan Numan, gyara mini in na yi kuskure, ai mata ba sa ƙuri'a a wurinsu a lokacin.

Ɗan Numan:
Ba ki yi kuskure ba, Mama. Sai 1969 majalisarsu ta yarda mata su yi ƙuri'a a taron ikilisiya, kuma har yanzu ba sa naɗa mace fasto. A tsofaffin majami'unsu na ƙauye ma maza gefe guda suke zama, mata gefe guda.

Bari in kuma gyara wani abu kafin wani ya ce waɗannan ne suka kawo mana Lutheran. Mu na Adamawa daga Danmak namu ya zo, Dokta Niels Brønnum ya iso Numan a 1913. Waɗanda ke da alaƙa da mutanen Missouri su ne Lutheran na Akwa Ibom. Mutanen Ibesikpo ne suka tura Jonathan Ekong Amurka ya nemo musu mishan, aka aiko Henry Nau a 1936, hedikwatarsu na Obot Idim kusa da Uyo. Suna ɗaya, gida biyu. Mu muna cikin Tarayyar Lutheran ta Duniya, har Akbishop Musa Panti Filibus ya shugabance ta daga 2017 zuwa 2023, ita kuwa Majalisar Missouri ta Amurka ba ta ciki.

Direban Tirela:
Ikon Allah. To ashe rabuwar ba a Altenburg kaɗai take ba. Malam, saura tambayata ta biyu.

Malamin Tarihi:
Gajeruwa ce. Loeber ne faston Trinity na farko, a zamaninsa aka gina majami'ar dutse ta 1845, wadda yanzu take cikin gidan tarihinsu. Ya rasu a 1849. Wanda ya gaje shi, Georg Schieferdecker, ya karkata ga fahimtar cewa Almasihu zai yi mulkin shekara dubu a duniya kafin ƙarshe, bisa sura ta 20 ta Ru'ya ta Yohanna. Majalisa ta ce wannan ya saɓa wa koyarwarsu, aka fitar da shi a 1857. Ya fita da wani ɓangare na jama'a suka kafa Immanuel, suka jingina da wata majalisar Lutheran ta daban, Majalisar Iowa. Abin dariyar, shi daga baya ya janye ra'ayin ya koma Missouri, amma cocin da ya kafa ya zauna daram.

Lauyan Zaure:
Kun gani ko? An ce majalisa shawara kawai take bayarwa, ga shi shekara 10 da kafuwa ta kori fasto.

Ɗan Numan:
Daga majalisa ta kore shi, Barista. Daga bagaden Trinity kuwa jama'ar Trinity ne suka sauke shi, masu rinjaye. Ka ga tsarin ya yi aiki.

Lauyan Zaure:
Ya yi wa masu rinjaye aiki. Kuma tun da ana yabon Walther, a faɗi duka: Missouri jihar bayi ce har 1865, shi kuma ya koyar cewa mallakar bawa a kanta ba zunubi ba ce. Mutumin da ya tsallake teku don neman 'yancin lamiri.

Malamin Tarihi:
Gaskiya ne, ba zan kare shi ba. Ƙara da cewa ƙasar da suka saya da araha, 'yan shekaru kafin nan akwai ƙauyukan Shawnee a yankin rafin Apple, yarjejeniyar 1825 ce ta tashe su.

Maman Biyu:
Alhaji, har yanzu da Jamusanci suke sujada?

Direban Tirela:
A'a Mama, allon sanarwar da na gani a ƙofa da Turanci yake. Dattijon nan dai da na gaishe shi, harshensa na da wani nauyi da ban saba ji a St. Louis ba.

Malamin Tarihi:
Yaƙin duniya na farko ne ya karya Jamusanci a Amurka. Daga 1917 aka riƙa kallon mai yin sa a matsayin ɗan leƙen asiri, makarantun coci da yawa suka koma Turanci. Ƙauyuka irin Altenburg da Frohna sun fi birane jinkiri, sun ƙara shekaru masu yawa suna yi, don babu baƙon da zai ji su.

Manomin Funtuwa:
Duk na ji. Waken suyan fa?

Direban Tirela:
Malam Manomi, ka yi haƙuri, zan koma bayan girbi in tambayo maka. Ina so ma in gangara Wittenberg, inda jirginsu ya fara sauke su. Dattijon ya ce kada in sa rai, ambaliyar 1973 da ta 1993 sun cinye garin, sai 'yar hanya da ke ƙarewa a bakin ruwa. Barista, in ka shirya ka zo mu je tare, daga nan ana hango tsallaken Illinois.

Lauyan Zaure:
Ka fara samo mini biza, Alhaji.